Ƙauyen kan tudu da ya zama Birnin Shehu

Kafin 1809, Sakkwato ɗan ƙauye ne a kan tudu, kusa da inda gulbin Rima ke haɗuwa da gulbin Sakkwato. A shekarar ce Muhammadu Bello ya kewaye shi da ganuwa. Garin da ake wa kirari da Birnin Shehu kuwa bai samu zaman Shehu Usmanu ba sai 1815, da ya taso daga Sifawa. Shekara biyu kacal ya yi a ciki, Allah ya karɓi abinsa a 1817. Shi kuwa Bello da ya gina ganuwar, kabarinsa na Wurno.

Gulbi ne ya kawo wani Bature mai suna Kilafatin a 1824, yana neman sanin inda Kwara ke zuba. Bello ya karɓe shi, har aka zana masa taswira. Kilafatin ya dawo a 1826, ciwo ya kama shi, ya mutu a Afrilun 1827.

Wani abu da ke yi mini ciwo shi ne labarin fatar jar akuyar Sakkwato. Majemanmu suka jeme ta, raƙuma suka tsallake da ita Sahara, Turawa suka saya a kasuwannin Arewacin Afirka, suka rufe littattafansu masu tsada da ita, sannan suka raɗa mata suna fatar Maroko.

Zaɓen tudun nan da Bello ya yi ba banza ba ne. A Satumbar 2010 Rima ya cika ya batse, ya cinye gadar Kwalkwalawa, ya raba gari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale. Ƙauyukan fadama suka sha wuya, tsohon gari yana can sama.

Mu tudunmu kyautar Allah ne. Mutanen Firisiya, a gaɓar tekun arewacin Holan, da hannu suka tara nasu, da laka da kashin shanu, suka kafa ƙauyuka a kai. Mafi tsawo ya kusa mita 9. Amma tudu ba ya bin masunci cikin teku. A Maris ɗin 1883, guguwar dare ɗaya ta halaka jirage 17 daga cikin 22 na ƙauyen Moddergat da maƙwabcinsa, masunta 83 ba su dawo gida ba.