Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jiragen Iska Na Gwanjo

Yau za mu leƙa gaɓar teku a Turai da Amurka, inda ma'aikata masu ƙaramin albashi ke tara kuɗi su sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, su ratsa teku da shi. Me ya sa tsoho ya fi jan hankalinsu?

Dalili na farko shi ne ƙarko. Daga wajen 1959, sa'ad da aka nuna jirgin Pearson Triton mai tsawon ƙafa 28 a birnin New York, maƙera suka koma yin jirage da faiba maimakon katako. Faiba ba ta ruɓewa, kuma maƙeran lokacin sun zuba ta da kauri. Shi ya sa jirgin da ya haura shekara 50 yake bisa ruwa har yanzu.

Na biyu kuwa araha. An ƙera su da yawa: samfurin Albin Vega na ƙasar Suwidin kaɗai ya wuce 3,000. Masu hali kuma sun fi son sababbi masu faɗin ɗaki, sai farashin tsofaffin ya faɗi.

Amma ƙanƙanta ba ta hana su aiki ba. A 2011 Matt Rutherford ya tashi shi kaɗai cikin wani tsohon Vega mai ƙafa 27, ya kewaye nahiyoyin Amurka biyu ba tsayawa, ya dawo a 2012 bayan kwana 309. A 2023 kuma Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu, ta ci tseren Golden Globe na kewaya duniya, inda ba a yarda da kowane jirgi ba sai wanda aka zana kafin 1988. A hanya ma ta ceci wani abokin takararta da jirginsa ya nutse. Asirin irin waɗannan jirage shi ne gindi mai tsawo da nauyi, wanda kan miƙe da jirgin in raƙuman ruwa sun kwantar da shi.

Sai dai fa araha ba ta ado. Wayoyin ƙarfe masu riƙe da jigon filafilai sukan gaji, akan sake su wajen kowace shekara 10. Ruwa kan kutsa cikin katakon da ke tsakiyar daɓen jirgi ya ruɓar da shi ba a sani ba. Ga inji, ga kuɗin wurin ajiya kowane wata. Sau da yawa kuɗin gyara yakan fi na saye.

Saboda haka masu hankali ba sa biya sai gwani ya fito da jirgin tudu ya ƙwanƙwasa shi lungu-lungu. A tsakiyar teku babu makaniki. Abin da mutum ya ƙyale a gaɓa, shi zai tarar a can.