Mayar da tirela ɗakin kwana: da tankin ruwa ake farawa

A ƙasashe irin su Faransa da Amurka, mutane kan sayi tirelar ɗaukar kaya su mayar da ita ɗan gida mai gado, madafa da makewayi, su ja ta da mota lokacin hutu. A wannan aiki, kafin a kafa gado ko kabad, wurin tankunan ruwa ake fara tsaidawa.

Dalili shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankin lita 100 ya kai buhu biyu na siminti. Galibi tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na makewayi.

Wannan nauyi kuwa ba ya zama wuri guda. Ranar tashi tankin ruwa mai tsabta ne a cike, bayan ƴan kwanaki ruwan ya koma sauran biyun. Idan na farko yana gaba, na dauɗa kuma suna can baya, tirelar da ta bar gida daidai za ta dawo da nauyi a wutsiya, ta riƙa lilo a kan hanya har ta iya fin ƙarfin direba. Shi ya sa ake ɗora tankunan ƙasa-ƙasa, kusa da ƙarfen da ya haɗa tayoyi. A Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a mahaɗarta da mota.

Sai batun tiyo. Ƙaramin famfo mai aiki da batir na volt 12 ne ke tura ruwa mai tsabta, don haka tiyonsa na iya hawa ko lanƙwasa. Ruwan dauɗa kuwa gangara kaɗai yake bi, kamar santimita 2 a kowace mita. Saboda haka ake ɗora makewayi daidai saman tankinsa, a kuma fitar da bututun iska ta rufi don kada wari ya cika ɗaki.

Wajen zubarwa, tankin makewayi ake fara buɗewa, sannan na ruwan wanka ya biyo ya ɗauraye tiyon. A bar ƙofar dubawa kusa da kowace mahaɗa, domin girgizar hanya kan sassauta su, kuma yoyon da ba a gani ba shi ke ruɓar da katakon daɓe.