Kafin Ka Miƙa Bincikenka ga Mujalla

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Sakkwato zuwa Agadas, wadda teku da koguna suka yi ta malala a kanta tun kafin zuwan ɗan Adam, taska ce ta ƙasusuwan halittun da suka zama dutse. Daga Goronyo ƙadangaren teku Goronyosaurus ya sami sunansa, a Gadufawa kuwa aka tono Suchomimus, wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Science a 1998. To, amma ɗalibin da ya sha ranar Dange ko Dukamaje yana auna hawa-hawan laka da farar ƙasa, ya sani da sauran aiki a gabansa, domin kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, haka ma'abota wannan fanni ba su kafa hujja da bincike sai sun san mujallar da ya fito da irin masanan da suka tace shi.

A nan mayaudara suke ɗana tarko. Wasiƙa za ta zo maka ta intanet cike da kirari, ana alkawarin buga aikinka cikin mako guda muddin ka biya, alhali kuwa tahƙiƙi na gaskiya, inda masana biyu ko uku za su bi aikin su dawo maka da gyare-gyare masu ɗaci, yakan ci watanni. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin buga mujallu na OMICS hukuncin biyan fiye da dala miliyan 50 saboda irin wannan algus. Kada tambarin da mujalla ta liƙa wa kanta ya ruɗe ka. Shiga Scopus ko Web of Science ko DOAJ ka nemi sunanta da idonka.

Sannan a duba dacewa. Nazarin yashi da laka ya fi kusa da Sedimentology ko Journal of African Earth Sciences, na ƙasusuwa kuwa da Journal of Vertebrate Paleontology, kuma wanda kuɗi suka yi masa ƙaranci yana da Palaeontologia Electronica, wadda ba ta karɓar ko anini daga marubuci ko mai karatu.

Mai niyyar raɗa wa sabuwar halitta suna yana da ƙarin sharaɗi: bisa ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna da aka gyara a 2012, sunan dabbar da aka buga a intanet kaɗai bai inganta ba sai an yi wa aikin rajista a ZooBank. Asalin ƙashin ma abin tambaya ne, domin mujallar Cretaceous Research ta janye maƙalar da ta bayyana halittar Ubirajara bayan jayayya kan yadda aka fitar da ƙashinta daga Barazil zuwa Jamus, har Jamus ta mayar da shi a 2023.

Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu su daina ƙirga yawan maƙalu kawai, su riƙa tambayar inda aka buga su.