Daga Ina Ake Fara Ƙirga Nisan Gari?

Matafiyi kan ga allo a gefen titi an rubuta saura kilomita hamsin a shiga Kano. Kafin mota ta cinye talatin da biyar, sai ga gidajen mai da masu tallar rake da 'yan adaidaita sahu, fasinja sun fara neman takalmansu suna cewa allon gwamnati ƙarya yake yi. Allon bai yi ƙarya ba. Gari yana da faɗi, awo kuwa sai daga ɗigo zuwa ɗigo, don haka dole a zaɓi wuri guda a cikin gari a ce nan ne sifiri. Ra'ayina shi ne, darajar wannan wuri tana cikin abu biyu kawai: kowa ya san shi, kuma kada ya taɓa gusawa.

Tsoffin dauloli sun gane haka tun da wuri. Shekara 20 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Agustus ya kafa wani ginshiƙi a dandalin birnin Rum, wanda aka riƙa kira dutsen mil na zinariya, ana ɗaukarsa mafarin manyan hanyoyin daular. Daular Umayyawa ma ta yi nata: an gano duwatsun hanya na zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, an sassaƙa musu da Larabci adadin milamilan da ke tsakaninsu da Dimashƙa ko Ƙudus. A Japan, gadar Nihonbashi da aka fara ginawa a 1603 ta zama mafarin manyan hanyoyi biyar na ƙasar, kuma har yau akwai alamar ƙarfe a tsakiyar titin da ke kanta. A Landan ana ƙirgawa daga Charing Cross, a Madrid daga dandalin Puerta del Sol. Na Paris kuwa ɗan faranti ne na tagulla mai kusurwa takwas, da zanen tauraro a tsakiyarsa, an dasa shi cikin daɓen da ke gaban majami'ar Notre-Dame a 1924. Bai kai faifan tuwo biyu ba, mutum zai iya taka shi bai sani ba, amma daga kansa ake lissafin nisan manyan hanyoyin da suka fita daga birnin. Abin lura shi ne, ba ɗaya daga cikin wuraren nan da aka zaɓa don ya faɗo daidai cibiyar gari a taswira. An zaɓe su ne don nan jama'a ke haɗuwa, nan mulki ko kasuwa ko ibada suke.

A ƙasashe da dama da Ingila ta mulka, har da Najeriya, babban gidan waya aka saba ɗauka a matsayin sifiri, kuma dalilin a fili yake: wasiƙa daga gidan waya take tashi, a gidan waya take sauka, ginin kuma ba mai ɗaga shi. Sawun wannan ƙirga yana nan a bakinmu ko da ba mu lura ba. Mil Tara a hanyar Katsina daga Kano, Mil Goma a wajen Zariya, Mil 2 da Mil 12 a Legas, duk lambobin dutsen hanya ne suka zama sunayen unguwanni. Najeriya ta koma awon kilomita tun shekarun 1970, mil ɗaya kuma ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, amma ba wanda ya ce a sake wa Mil Tara suna. A ƙasashen rainon Faransa ana rubuta PK, wato matsayin kilomita, shi ya sa unguwar Musulmi mafi shahara a Bangi, inda Hausawa suka daɗe da zama, ake kiranta PK5.

Wani zai ce ai hankali ya fi karɓar a auna zuwa bakin gari, tunda nan matafiyi ke jin ya iso. Maganar tana da daɗin ji, sai dai bakin gari tafiya yake yi. A da ganuwa ce iyakar Kano, wanda ya fita Ƙofar Nasarawa ya bar birni. Yau ƙofar tana tsakiyar cunkoso, gine-gine sun kai Mil Tara har sun wuce. Da bakin gari ake bi, da duk bayan shekara goma sai an tumɓuke duwatsun hanya an sake lamba, a ce Zariya ta matso kusa da Kano alhali ko taku ɗaya ba ta yi ba. Mudun da ke girma yana raguwa ba a awo da shi.

Masu ilimin addini za su iya tuna mana cewa fiƙihu bakin gari yake kallo. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ake yi wa ƙasaru mil 48 ce, kuma matafiyi ba ya fara rage salla sai ya wuce gidajen garinsu. Wannan gaskiya ne, amma tambayar daban ce. Malamin fiƙihu yana neman sanin lokacin da mutum ya tashi daga mazauni ya zama matafiyi, wannan kuwa dole ya bi girman gari. Injiniyan hanya yana neman lambar da za ta zauna daram, yadda idan an rubuta a takardar kwangila cewa a gyara kwalbati a kilomita 62, wanda zai karanta bayan shekara talatin zai je ya tsaya kan kwalbatin nan.

Sauran masu ja su ne masu cewa wayar hannu ta kashe wannan magana, tunda tana faɗin nisa daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Amma duk wanda ya rubuta sunan gari kawai a taswirar waya, manhajar ce ke zaɓar masa ɗigo a cikin garin ba tare da shawara da shi ba, shi ya sa manhajoji biyu kan ba da lamba biyu. Wato wayar ma tana da nata sifirin, ɓoye shi kawai take yi. Sannan ran da haɗari ya auku da dare a dajin da ba gari ba ƙauye, abin da mai kiran agaji yake buƙata shi ne ɗan dutsen nan fari na gefen titi da lamba a jikinsa. Idan ciyawa ta rufe shi ko fentin ya goge, sai a koma kwatance da wata tsamiya ko wata kwana, motar asibiti tana ta lalube.

Saboda haka abin da ya kamata hukumomin hanyoyi da na birane su yi ba mai tsada ba ne. Kowane babban gari ya bayyana inda sifirinsa yake, a dasa alama a wurin yadda ɗan makaranta zai iya zuwa ya taka, a kuma sabunta fentin duwatsun hanya bayan kowace damina. Ran da fasinja ya san cewa kilomita hamsin ɗin nan zuwa gidan waya ake nufi, shi da allo ba za su sake saɓawa ba.