Kura da shan bugu: Labarin David Cassidy, tauraron da kamfani ya mallaki fuskarsa

A farkon shekarun 1970, da wuya wata ya wuce ba a ga fuskar David Cassidy a bangon mujallun matasa na Amurka irin su Tiger Beat da 16 ba. Hotonsa na jikin riguna, da akwatunan abincin 'yan makaranta, da katunan da ake sakawa cikin ledar cingam. Duk inda zai yi wasa 'yan mata kan yi dafifi, wasu har su suma. Yana da shekara 21 ya cika zauren Madison Square Garden na birnin New York maƙil, a watan Maris na 1972.

A watan Fabrairun 2015, wannan mutumi ne ya je gaban kotu a jihar Florida ya bayyana cewa ya karye, ba zai iya biyan basussukan da ake bin sa ba. Ba a cika shekara uku ba ya mutu a wani asibiti a Fort Lauderdale, hantarsa ta lalace, yana da shekara 67.

Ina dukiyar ta tafi? Amsar tana cikin takardar da ya sa wa hannu tun kafin kowa ya san sunansa, da kuma irin sana'ar da ya faɗa cikinta, wadda ke sayar da ƙuruciya, ta kuma nemi sabuwar haja da zarar ƙuruciyar ta wuce.

Ɗan gado da ya tashi ba uba a kusa

An haifi David Bruce Cassidy ranar 12 ga Afrilun 1950 a New York. Mahaifinsa, Jack Cassidy, fitaccen mawaƙi ne kuma ɗan wasan dandamali a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin. Mahaifiyarsa, Evelyn Ward, ita ma 'yar wasa ce. Da yake iyayen kullum suna kan hanya, yaron ya tashi ne a hannun kakanninsa na wajen uwa a garin West Orange da ke jihar New Jersey.

Auren iyayen ya mutu yana ƙarami, aka kuma ɓoye masa. Ya faɗa daga baya cewa a bakin yaran maƙwabta ya ji labarin. A 1956 mahaifin ya auri Shirley Jones, wadda 'yan shekaru bayan haka ta lashe kyautar Oscar da fim ɗin Elmer Gantry. Tun daga lokacin David ya shiga neman yabon uban da ba ya yabo, kuma bai daina ba har tsufansa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1969 ya fara fitowa a Broadway cikin wasan The Fig Leaves Are Falling. Wasan bai karɓu ba, sau huɗu kacal aka nuna shi aka rufe, amma wani mai zaɓen 'yan wasa ya gan shi, aka kira shi Los Angeles. A can ya riƙa samun ƙananan fitowa a shirye-shiryen talabijin kamar Bonanza da Ironside da Marcus Welby, M.D. Burinsa a lokacin shi ne ya zama ɗan wasan da ake ɗauka da muhimmanci.

Yadda Keith Partridge ya haɗiye David

A watan Satumban 1970 tashar ABC ta fara nuna The Partridge Family, shirin barkwanci na kamfanin Screen Gems a kan wata bazawara da 'ya'yanta biyar da suka kafa ƙungiyar waƙa, suna yawo cikin wata bas mai launi-launi. An samo tunanin shirin ne daga wani iyali na mawaƙa na gaske, The Cowsills. Shirley Jones ce ta fito a uwar, David kuma ya fito a babban ɗanta, Keith. Wato matar mahaifinsa a gida ita ce mahaifiyarsa a talabijin.

Masu shirin sun ɗauke shi ne saboda kyawun fuska. Niyyarsu ya riƙa motsa baki kawai, ƙwararrun mawaƙa su rera a ɗakin ɗaukar murya. Shi ne ya shawo kan mai tsara waƙoƙin, Wes Farrell, ya saurare shi. Da aka ji muryarsa sai aka ba shi jagorancin waƙoƙin. Ta farko, I Think I Love You, wadda Tony Romeo ya rubuta, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a watan Nuwamban 1970, wata biyu kacal da fara shirin.

Daga nan hutu ya ƙare. Da rana yana wurin ɗaukar shiri, da dare yana ɗakin ɗaukar waƙa, ƙarshen mako kuma ya hau jirgi zuwa wasa a wani gari. Ya fara fitar da waƙoƙi da sunansa, Cherish ta shiga goman farko a Amurka. A Birtaniya ma farin jininsa ya fi haka: How Can I Be Sure ta zo ta ɗaya a 1972, Daydreamer ta biyo baya a 1973. A ƙarshen mako guda na 1972 ya cika filin Astrodome na birnin Houston sau biyu, kowane karo da mutum fiye da 56,000.

Sai dai wanda jama'a ke yi wa ihu Keith ne, ɗan sakandare mai ladabi da murmushi. David kuwa saurayi ne da ya haura 20, wanda ya tashi yana sauraren Jimi Hendrix da kiɗan blues, kuma waƙoƙin da ake ba shi ba su ne a ransa ba. Fita kan titi ta gagare shi. A wasu wuraren sai an ɓoye shi cikin but ɗin mota ko motar kaya kafin a shigar da shi wurin wasa.

A watan Mayun 1972 ya yi yunƙurin fasa wannan hoto da kansa. Ya yarda mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta ɗauke shi ba tufafi domin bangon mujallar Rolling Stone, a cikin hirar kuma aka yi maganar mata da kayan maye. Iyaye suka fusata, wasu kamfanonin talla suka ja baya. Amma manyan masu sauraren da yake nema ba su zo ba, yaran da yake gudu kuma ba su tafi ba.

Takardar da ya sa wa hannu

Kamar yadda ya sha faɗa, albashinsa a farkon shirin dala 600 ne a mako, kuma yarjejeniyar ta bai wa kamfani ikon amfani da sunansa da hotonsa yadda ya ga dama. A nan babban cinikin yake. Shirin talabijin yana tallata faifai, faifai yana tallata wasa, su duka kuma suna tallata tarkacen da ke ɗauke da fuskarsa, tun daga littattafai har kayan wasan yara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Manajarsa, Ruth Aarons, ce ta gano wata kafa. Lokacin da ya sa hannu bai kai shekara 21 ba, shekarun da dokar jihar Kalifoniya ta ɗauka a matsayin na mallakar kai a wancan zamani, don haka yarjejeniyar ba ta ɗaure shi ba. Dole kamfanin ya dawo teburi. A sabuwar yarjejeniyar ta 1971 aka ƙara masa albashi, aka kuma rubuta masa kashi 15 cikin 100 na ribar kayan da ke ɗauke da hotonsa.

Matsalar ita ce kamfanin ne ke riƙe da littafin lissafi, shi ke faɗin abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe. Cassidy ya shafe shekaru yana cewa abin da ya shigo hannunsa bai taka kara ya karya ba. A 2011, shekara 40 bayan sa hannun, ya maka kamfanin Sony a kotu, domin shi ne ya gaji haƙƙin shirin, yana neman miliyoyin daloli. Aka miƙa maganar ga masu sasanci, waɗanda a ƙarshe suka yanke masa kusan dala 158,000.

Kuɗin da ya samu daga wasanni ba kaɗan ba ne, amma su ma ba su zauna ba. Ya bar wa wasu kula da dukiyarsa, aka zuba ta a harkokin da ba su haifar da ɗa mai ido ba. Da kansa ya ce zuwa shekarun 1980 ba shi da komai.

Daren White City

Ranar 26 ga Mayun 1974, a wasa na kusa da na ƙarshe a zagayen duniya da yake yi, dubban matasa suka cika filin White City da ke Landan. Da ya fito, na baya suka danno na gaba zuwa shingen dandamali. Kusan mutum 800 suka jikkata, aka kai kimanin 30 asibiti. Wata yarinya 'yar shekara 14 ta suma a cikin turmutsutsun, kwana huɗu bayan haka ta mutu a asibitin Hammersmith ba tare da ta farfaɗo ba.

Cassidy ya yi magana da iyayenta ya kuma aika furanni, amma bai halarci jana'izar ba, don gudun kada zuwansa ya jawo wani cincirindon. Ya ce abin zai ci gaba da damun sa har ƙarshen rayuwarsa. Dama ya riga ya yanke shawarar daina yawon wasa, wannan ya rufe maganar.

A shekarar ce kuma ABC ta dakatar da The Partridge Family bayan zango huɗu da kashi 96. An mayar da shi daren Asabar, daidai lokacin da ake nuna All in the Family, shirin da ya fi kowanne masu kallo a Amurka, sai jama'a suka watse. Su kuma 'yan matan da suka fara son sa suna da shekara 12 sun girma. Ƙannensu na da nasu taurarin: Donny Osmond, sai Bay City Rollers, sai kuma ƙaninsa da suke uba ɗaya, Shaun Cassidy, wanda waƙarsa ta zo ta ɗaya a Amurka a 1977. Yana da shekara 24 kasuwa ta riga ta gama da shi.

A watan Disamban 1976 gobara ta tashi a gidan mahaifinsa a West Hollywood, bayan barci ya kwashe shi da taba a hannu. Jack Cassidy ya mutu a ciki. An shafe watanni uban da ɗan ba sa ga-maciji, kuma ba su shirya ba kafin mutuwar.

Sake gina suna daga tushe

Abin da ake yawan mantawa shi ne Cassidy ya iya aikinsa. A 1978 an saka sunansa cikin masu takarar kyautar Emmy saboda rawar da ya taka a wani kashi na shirin Police Story. A 1985 waƙarsa The Last Kiss, wadda George Michael ya yi masa amshi a ciki, ta kai matsayi na shida a Birtaniya. A 1993 ya koma Broadway cikin wasan Blood Brothers tare da Shaun da Petula Clark, inda 'yan'uwan biyu suka fito a tagwayen da aka raba tun suna jarirai. A 1996 ya karɓi jagorancin EFX, babban wasan otal ɗin MGM Grand a Las Vegas, ya shafe fiye da shekara biyu yana yi.

Ya rubuta tarihin rayuwarsa sau biyu, a 1994 da 2007. Daga baya ya sasanta da tsofaffin waƙoƙin da ya taɓa ƙyama, yana rera su ga matan da suka zama iyaye da kakanni, waɗanda ba su daina sayen tikiti ba.

Giya ce ta riƙa warware abin da ya ɗinka. Sau uku ana kama shi da laifin tuƙi cikin maye: a Florida a 2010, a jihar New York a 2013, sai Los Angeles a 2014. A shekarar ce matarsa ta uku, Sue Shifrin, ta nemi a raba auren da suka ƙulla tun 1991. Shekara guda bayan haka ya bayyana karyewarsa, aka yi gwanjon gidansa.

A watan Fabrairun 2017, bayan wani wasa a Kalifoniya inda aka gan shi yana tangaɗi yana manta baitocin da ya shekara 40 yana rerawa, ya sanar cewa yana fama da ciwon mantuwa, irin wanda mahaifiyarsa ta yi fama da shi kafin mutuwarta a 2012. Jama'a suka tausaya masa. Ya mutu ranar 21 ga Nuwamban shekarar. 'Yarsa Katie Cassidy, wadda ita ma 'yar fim ce, ta ce kalmominsa na ƙarshe na nadama ne a kan yawan lokacin da aka ɓata.

Gaskiyar ta fito ne a 2018, cikin wani shirin tashar A&E mai suna David Cassidy: The Last Session. A wata hirar waya da aka naɗa watanni kaɗan kafin mutuwarsa, ya shaida wa mai shirin cewa likitoci ba su ga alamar ciwon mantuwa a tare da shi ba. Giya ce, kuma ya yi wa kowa ƙarya cewa ya daina sha.

An ɗauki shirin ne a Chicago, lokacin da yake ƙoƙarin naɗar faifansa na ƙarshe da muryar da ta riga ta gaji. Wannan karon ba kamfani ne ya zaɓar masa abin da zai rera ba. Ya zaɓi tsofaffin waƙoƙin da mahaifinsa ya koya masa, kuma da hakan aka sanya wa faifan suna.