ƘAURA ZUWA GARI MAI NISA: WA ZA KA BA KAYANKA?

 Yau hirarmu a kan ƙaura ce.

Wataƙila an canza maka wurin aiki, kamar yadda ake yi wa mushen lakwal kafin yara su koma karatu a watan Oktoba. Wataƙila kuma neman abinci ne zai tashe ka. Ga gado, ga katifa, ga akwatin tufafi, ga kwanonin uwargida, ga buhunan hatsi. Abin da ka tara shekara da shekaru za ka danƙa wa mutumin da ba ka sani ba.

Tafiyar kuwa ba kusa ba ce. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Sai mota ta bi Tasawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogondutsi da Doso. Mai zuwa Tawa, a Tsarnawa yake barin babban titi.

To, da farko ka tambayi waɗanda suka riga ka ƙaura. Wa ya kai musu kaya? Sun isa lafiya? Sa'an nan ka tafi tasha da ƙafarka. Ɗan kamasho zai tarye ka da daɗin baki. Ba laifi, sana'arsa ce. Amma ka sani motar ba tasa ba ce. Ran da kaya suka ɓata, ba shi za ka kama ba. Ka ce a haɗa ka da mai motar ko direbanta, a gaban shugabannin sandika na tasha. In kamfani ne, ka ga ofishinsa da idonka.

Ka dubi kamiyon da kyau. Tayu sun cinye? Akwai safaya? Akwai tampol marar huji? Da damina ruwan dare ɗaya ya isa ya lalata katifa da hatsi. Ka tambaya me ta ɗauko jiya. Motar da ta sauke albasar Galmi, ko gawayi, ko siminti, sai an share ta sarai. In ba haka ba, zannuwan uwargida za su ba da labari.

Ka nemi ganin takardu: parmi na direba, takardar mota da asiransi. Kai da ka iya karatu yanzu, dubi kwanan wata, ko sun mutu. Motar da takardunta ba su cika ba tana iya kwana wurin jandarma, kayanka a ciki. Ka kuma sani, asiransin da doka ta tilasta don ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne. Kada ka ɗauka ta rufe kayanka. Ka tambaya: in abu ya fashe ko ya ɓata, wa zai biya?

Wajen kuɗi, hanya biyu ce. Ko ka yi shatar mota kai kaɗai, ko a haɗa kayanka da na ƴan kasuwa. Haɗin ya fi sauƙin kuɗi, amma ana tsayawa gari gari ana saukewa, a nan ne ƙunshi yake bin wani. Ka ji kuɗin mutum 3 kafin ka yanke. Wanda ya karya kuɗi ƙwarai, yi hankali da shi. Araha ba ta ado. Ka tabbata ko kuɗin ya haɗa da mai, da ƴan dako, da kuɗin hanya.

Yanzu ga inda karatunka zai yi maka rana. Ɗauki alƙalami da takarda. Rubuta sunanka, sunan direba, lambar mota, lambar wayarsa, ranar tashi, da unguwar da za a sauke. Rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya: katifa 2, akwati 3, buhun hatsi 5. Kowane ƙunshi ka sa masa lamba da sunanka. Rubuta kuɗin da kuka shirya. Misali, in jika 100 ne, ka ba da jika 50 wurin lodi, sauran jika 50 sai an sauke. Kada ka biya duka tun farko, ko da ya rantse. A yi takarda 2, ku sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe tasa. Takardar da aka miƙo maka kuwa, kada ka dangwala yatsa sai ka karanta, ko an karanta maka.

Kuɗi, zinariya, takardar haihuwa da takardar fili ba su shiga kamiyo. A jikinka za su tafi. Mata da yara ma kada a ɗora su bisa kaya don tsimi. Su shiga motar fasinja. Namiji guda, kai ko ƙanenka, ya zauna gaba tare da direba.

In an isa, kada gajiya ta sa ka sallami mota da gaggawa. Fito da takardarka, ka ƙidaya kaya a gaban direba, ka buɗe masu fashewa. Sai lissafi ya cika za ka ba shi cikon kuɗinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.