Sojojin Jiki Nawa Ne Daidai? Gaskiya da Ƙarya a Kan Takardar Gwajin Jini

Mutum ya karɓo sakamakon gwajin jini, tun bai fita daga harabar asibiti ba ya ɗauki hotonsa ya tura wa 'yan'uwa a WhatsApp. Kafin la'asar an gama yanke masa hukunci: "Ai sojojin jikinka sun ƙare." Daga nan sai barci ya ƙaurace masa.

Sojojin da ake magana su ne fararen ƙwayoyin jini. A yawancin ɗakunan gwaji, baligi mai lafiya yana da tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikurolita, wato abin da bai kai ɗigo ɗaya na jini ba. Wannan gaskiya ne. Ƙaryar ita ce a ce duk wanda ya faɗo ƙasa da 4,000 ba shi da lafiya. An fitar da irin waɗannan iyakoki ne ta hanyar auna masu lafiya a ɗauki kashi 95 cikin 100 na tsakiyarsu, don haka kashi 5 suna waje alhali lafiyarsu ƙalau.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani sinadari mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Gado ne, kuma yana ba da kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Masu wannan gado sukan nuna ƙarancin nutrofil, rundunar da ta fi yawa cikin fararen ƙwayoyin, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Matsalar ita ce ma'aunan da ke littattafai yawanci a kan Turawa aka gina su. Abin takaici ne a ɗaga hankalin lafiyayyen Bakano ko Bazazzagi da ma'aunin da ba nasa ba.

Sai batun CD4, wani rukuni na fararen ƙwayoyin, wanda ya fi firgita jama'a. An saba cewa 500 zuwa 1,500 ne daidai, amma binciken da aka wallafa a 2009 a kan lafiyayyun 'yan Nijeriya ya samu 365 zuwa 1,571, mata sun ɗara maza. Ƙarancin CD4 shi kaɗai ba ya nufin ƙanjamau. Gwajin ƙwayar cutar ne kawai ke tabbatar da hakan. Gaskiya ne cewa mai ɗauke da ita idan ya sauka ƙasa da 200 yana cikin haɗari. Amma zancen a jira sai lambar ta faɗi kafin a fara magani tsohon yayi ne: tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an gano.

Yawa ma ba alamar ƙarfi ba ne. Juna biyu, shan taba, da ƙwayar dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba duk suna ɗaga lambar fararen ƙwayoyin jini, ita ƙwayar ma tana raunana garkuwa ne. Taifot kuwa yakan saukar da ita. Tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga rukunin fararen ƙwayoyin da ake kira iyosinofil.

Wanda lambarsa ta yi nisa da iyaka, ko ta zo da zazzaɓi mai naci, rama ko kumburin kaluluwa, ya koma wurin likita da takardar a hannu kafin ya sayi wani maganin "ƙara sojojin jiki" a tasha.